Jijiyar da Ta Ɓata Hanya

Ranar da aka kai Saliha garin Magarya a yi mata hoton ciki, ba ciwo ne ya kai ta ba, gardama ce. Mijinta Hanif ɗan kabu-kabu ne a tashar Dungas, kuma sati biyu ke nan abokan aikinsa na tsokanarsa cewa mace za a haifa masa, wai sun gan shi kullum yana sayen tsamiya, mai cikin 'ya mace kuwa ita ce mai kwaɗayin tsami. Shi ya rantse namiji ne. Da ya ji akwai wani lokotoro, wato likita, da ke zuwa daga Damagaram sau ɗaya a wata da na'urar eko, wadda ke leƙa ciki ta ga abin da ke kwance, sai ya ɗora matar a bayan moto da cikinta wata shida, suka bi ramukan hanya har gidan likita.

Lokotoron ya shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, ya ɗora kan na'urar. Hanif na tsaye a bakin ƙofa. Tambaya ɗaya ya yi, aka ce masa namiji ne. Bai jira ƙari ba ya fice da salula a kunne, ana jiyo muryarsa har cikin ɗakin yana cewa wani Alkasim ya maimaita maganar da ya yi jiya in ya isa.

Lokotoro dai bai ɗaga na'urar ba. Ya juya ta nan, ya juya ta can, ya danna wani abu sai ja da shuɗi suka fito a allon suna wal-wal. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya kira sajfam, wato ungozomar asibiti, wata mace mai suna Nafissa, suka yi magana da Faransanci ƙasa-ƙasa. Sajfam ta jawo kujera ta zauna kusa da kan Saliha, ta kama tafin hannunta tana zana mata da yatsa.

"Ƙanwata, ki saurara da kyau. Zuciya ma tana da 'yan jijiyoyinta na kanta masu shayar da ita jini. A wannan yaron, ɗaya daga cikinsu ta ɓata hanya, ta je ta buɗe cikin ɗakin zuciyar. Ƙofar da ke kai jini huhu kuma a toshe take. Muddin yana cikinki ba abin da zai same shi, da numfashinki yake rayuwa. Ranar da aka yanke cibiya, aikin zai dawo kansa."

Lokotoro ya ce irin wannan ba kasafai ake ganinsa ba, shi kansa sau ɗaya ya taɓa gani da idonsa. Bai yi mata alkawarin komai ba. Abin da ya ce shi ne, in an haifi yaron kusa da masu maganin da zai riƙe shi a kwanakin farko, akwai fata. In a gida aka haife shi, da wuya. Su tafi Damagaram cikin satin nan a sake dubawa, wataƙila daga can a tura su Yamai ta haihu. Ya yago mata hoton, siririyar takarda mai santsi, ya rubuta wasiƙa ya buga hatimi. Sajfam ta bi Hanif waje ta faɗa masa duk wannan tsakanin kira biyu. Ya ce to, in Allah ya so.

Gidan da Saliha ke aure gidan Gidaɗo ne, mahaifin Hanif da suke kira Baffa, a wani ƙauye gefen Dungas. Masu noma ne masu kiwo, kuma masu kunya ne na gaske. Matar da ke da cikin fari a gidan nan ba ta san tana da ciki ba. Ko ya kai mata haɓa, in an yi zancensa sai ta sunkuyar da kai ta nemi aikin yi. Inna, uwar mijinta, shekara ashirin da bakwai ke nan ba ta taɓa kiran sunan Hanif ba saboda shi ne na fari, "wancan" take ce masa. Don haka da la'asar, da Hanif ya zauna gaban iyayensa ya kawo labari, Saliha wadda ita kaɗai ta ji bayanin daga farko har ƙarshe tana bayan zana tana surfe.

Hanif ya fara da albishir, aka yi hamdala. Sauran kuwa a gurguje ya faɗa, wai an ce wata jijiya ta ɓata hanya a zuciyar yaron, a kai shi Damagaram.

Gidaɗo ya cire hula ya sosa kai. Ya ce shi a saninsa ciwon zuciya na masu iyali ne. Yaron da bai zo duniya ba, ba shi da mata, ba shi da gona, ba wanda ya taɓa ɓata masa rai, ta ina ya samo ciwon zuciya? Inna ta ce in dai ɓatan hanya ne, ai maraƙi ma yana ɓata hanya da safe, da yamma ka gan shi cikin garke. Wata uku ya rage, jijiyar da ba ta kai tsawon yatsa ba, ina za ta je da ba za ta dawo ba? Suka yi dariya. Saliha ta ci gaba da surfe har geron ya fara zama gari.

Hoton kuwa ya sha yawo. Kwana huɗu yana zagaya tashar Dungas daga hannu zuwa hannu, kowa na nuna inda yake ganin shaidar namiji, wani ya nuna ƙafa, wani ya nuna cibiya. Da Hanif ya ga baƙin mai ya fara ɓata shi, sai ya kai wa mai fotokwafi a manna masa leda kamar katin ɗan ƙasa. Na'urar mannawar da zafi take aiki, takardar eko kuwa ba ta shiri da zafi. Hoton ya shiga da yaro a jiki, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, sai dai ledar ta kwanta sumul. Inna ta karɓa ta ɗaga shi sama ta duba, ta ce ai ga kamannin nan sun fito, kakansa ne sak, shi ma haka yake baƙi wuluk. Aka rataye shi a bango.

A ɗaki ne kaɗai Saliha ke da baki. Wata rana da hantsi Hanif ya dawo ɗaukar makullin da ya manta, ta tare ƙofa.

"Yau kwana goma sha biyu. Sati ɗaya aka ce."

"Na sani."

"To yaushe?"

"Da wane hoton za mu je? Mu shiga gaban manyan likitoci da gawayi a hannu, su ce mun ƙona aikin gwamnati? Bari mutumin ya dawo wata mai zuwa ya sake mana wani."

Ta ce wasiƙar ai tana nan, ita ce muhimmiya. Ya ce ya ji, amma wasiƙa ba hoto kamar shayi ne ba sikari. Ya ɗauki makulli ya fita. Da watan ya zagayo, ranar zuwan lokotoro ta faɗo ranar kasuwar Dungas, ranar da ɗan kabu-kabu ba ya kashe moto tun safe har magariba. Ba a je ba.

Wasiƙar tana ƙarƙashin kwanukan jerenta, cikin leda biyu. Inna ta san da ita. Ba muguwar mace ba ce Inna, ta lura yarinyar ta rame, ba ta cin abinci, kullum hannunta a kan ciki, sai abin ya fara damunta ita ma. Ta yi tunani irin nata. In malam ya yi rubutu, wankewa ake yi a sha, a samu sauƙi. Lokotoro kuwa an ce karatunsa har ƙasar waje. To me ya sa za a bar rubutun mutum irin wannan cikin leda yana lalacewa?

Saliha ta dawo daga rijiya ta tarar da Inna zaune da ƙwarya. Tawadar biro ta ƙi fita da sauƙi, sai da ta jiƙa takardar tun safe ta dinga murzawa da ɗan ruwan tsamiya. Ruwan ya zama shuɗi-shuɗi, da ɗan jan hatimi yana yawo a sama, takardar ta zama kamar dusa.

"Ungo, 'yar nan. Yi bisimilla."

Saliha ta tsaya da tulu a kai. Ta ce:

"Inna, takardar shiga ce. Ita ake nunawa a ƙofa."

"Shiga ina? Ke kin ma san zancen me ake yi ne?"

Amsar da ta dace da 'yar mutunci ita ce a'a. Saliha ta sauke tulun, ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu ta shanye. Inna ta kankare sauran dusar ta shafa mata a ciki, ta ce yanzu ko Damagaram ɗin aka je abin da za su ba ta ke nan, sai dai su ƙara mata wahalar mota.

Girbi ya zo. Gidaɗo ya ce duk mai zancen tafiya ya bari gero ya shiga rumbu, ba a barin zangarniya a gona tsuntsu na ci a tafi yawon birni. Kwana na uku da fara girbi, jar saniyarsa ta kwanta haihuwa, maraƙin ya zo a karkace. Nan take aka zubar da lauje. Ya tura Hanif Dungas a guje ya ɗauko malamin dabbobi, kafin azahar sun iso da jaka da safar hannu har kafaɗa. Gida duka ya taru, mai riƙe ƙaho na riƙe ƙaho, mai riƙe wutsiya na riƙe wutsiya, Gidaɗo na shafa wuyanta yana lallashinta da Fillanci. Saliha ce mai kawo ruwan ɗumi, bokiti bayan bokiti, da cikinta wata bakwai da rabi. Da maraƙin ya faɗo ya yi atishawa, Gidaɗo ya share hawaye da bakin riga, ya ce ilimin zamani gaskiya ne, wanda ya raina shi ya cuci kansa.

Bayan sati biyu aka ce lokacin goyon ciki ya yi. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, don haka aka haɗa mata kaya aka kai ta garinsu Mallawa. Inna ta ce wannan ma ya fi, in da wata tafiya ai iyayenta sai su yi.

Saliha ta yi murna da farko. A ranar da ta isa ta ja uwarta Kyauta ƙuryar ɗaki, ta kama tafin hannunta ta zana mata kamar yadda sajfam ta yi, jijiya, ƙofa, cibiya, duka. Kyauta ta tsorata, ta kai maganar gaban maigidanta Mala, wanda ke fataucin hatsi zuwa kasuwannin Najeriya. Mala ya ce 'yar tasa ce, amma abin da ke cikinta na gidan Gidaɗo ne, ajiya aka kawo masa. Ba ya ɗaukar jikan mutane ya kai birni a feɗe shi ba da izininsu ba. Ya aika a tambaya. Amsa ta dawo cewa tunda yarinya ta koma gidan ubanta, Gidaɗo ba zai tsoma baki ba, kada a ce ya raina Mala, yana ganin bai iya riƙon 'yarsa ba.

Surukan nan biyu sun haɗu ido da ido a kasuwar Mallawa. Kyauta ta saka rai a kan haɗuwar nan. Suka tuɓe takalma suka durƙusa wa juna, suka gaisa, suka tambayi gida, suka tambayi shanu, suka tambayi yadda gero ya yi bana da yadda wake ya ƙi. Gidaɗo ya ba da labarin jar saniya tun daga farko. Kowanne na jira ɗayan ya fara, amma suruki ba ya buɗe baki ya ambaci cikin 'ya gaban suruki. Da rana ta yi zafi suka yi sallama. Mala ya dawo gida yana yabon dattakun Gidaɗo, Gidaɗo ya koma yana yabon kawaicin Mala.

Saliha ta daina barci sosai, ƙafafunta suka kumbura. Yaron kuwa lafiyarsa lau, yana shuri yana juyi kamar ɗan kokawa. Duk shurin da ya yi sai ta ji daɗi, sai kuma ta tuna cewa wannan ƙarfin nata ne yake ara.

Wata safiya ta ce za ta je gidan ƙawarta. Ta ɓoye karne, wato katin awon cikinta, cikin hijabi ta taka har bakin hanya, ta tsayar da ɗan kabu-kabu ta ce Magarya. Niyyarta ta sami sajfam Nafissa ta faɗi gabanta, ko za a sake mata takarda. Mutumin ya ɗauke ta. Sun ɗan yi nisa sai ya waigo ya ce ba ita ce matar Hanif na tashar Dungas ba, uwar namijin nan mai hoto? Ya tsaya gindin wata bishiya ya kira Hanif don girmamawa. Hanif ya ce bai san da tafiyar ba. Mutumin ya juya kan moto, ya kawo ta har ƙofar gidan Mala a hankali, yana kauce wa kowane rami, ya ce matar abokinsu amana ce. Mala ya yi masa godiya ya ba shi goro.

Ta haihu ranar Laraba da hantsi, a ɗakin uwarta, a hannun ungozoma. Yaro kyakkyawa mai gashi, ya yi kuka aka yi guɗa. Ungozoma ta ɗauko reza. Saliha na kallo aka yanke cibiyar.

Mai jegon fari ba ta kallon jaririnta gaban mutane, ko nono sai an matsa mata tana kawar da kai. Saliha ta kawar da kai kamar yadda ake so, amma da wutsiyar ido take ƙirga numfashinsa. Ranar farko ba laifi. Rana ta biyu ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, gumi na tsatsafo masa a goshi. Rana ta uku leɓɓansa da farcensa suka yi kamar an tsoma cikin baban rini. Inna da ta zo barka ta ce ai ta faɗa tun a hoto, baƙi ne. Ungozoma ta ce sanyi ne, a ƙara garwashi. Aka ci gaba da dafa ruwan wanka, ana dama kunun kanwa, ana lissafin wanda za a gayyata suna.

Da Hanif ya shigo da la'asar yana ba da labarin ragon da Baffa ya ware, Saliha ta ɗaga kai gaban uwarta da uwarsa.

"Ka ɗauke mu yanzu. Ko Magarya ce."

Hanif ya dubi yaron, kuma a gaskiya ya tsorata, an gani a fuskarsa. Amma Inna ta ce jariri ba ya ƙetare ƙofa kafin suna, Kyauta ta ce ɗanyen jiki ba ya shan iskar hanya, ta faɗa tana kallon ƙasa. Hanif ya ce to ga shawara, zai yi magana da mai mota tun yau, washegarin suna da sassafe sai Damagaram, ba fashi. Ya fita ya kira mai motar kuwa. Wannan karon da gaske yake.

Yaron ya cika ranar Asabar, rana ta ɗan ɗaga, a kan cinyar Kyauta. Bai yi wani kuka ba. Numfashin ne ya dinga gajarta har ya tsaya.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma ba mai musun wannan. Mai yiwuwa ko an kai shi Yamai ba zai rayu ba, lokotoro da bakinsa bai yi alkawari ba. Amma wata uku cur mutanen nan suna da labari, suna da moto, suna da hanya, suna da shanun da ɗaya ta isa kuɗin tafiyar. Ba wanda ya ƙi yaron, ba wanda ya daki uwarsa ko ya zage ta. Kowa ladabi ya yi. Hanif ya bi iyayensa, Gidaɗo ya girmama surukinsa, Mala ya riƙe amana, ɗan kabu-kabu ya kare mutuncin aboki, Inna har magani ta haɗa da hannunta. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba ka samun mai laifi, sai mutanen kirki jere reras, da ɗan ƙaramin kabari a bayan gari.

Mata suka cika gidan Mala gaisuwa. Saliha na zaune a kan tabarma, nono na zuba yana jiƙa mata riga, idonta a bushe. Aka yi ta yaba mata. Wata ta ce rabonta da ganin yarinya mai kunya haka tun zamanin iyayensu, ɗan fari ya tafi ko ɗigon hawaye babu. Wata ta jawo 'yarta Nabila, amarya mai ƙaramin ciki, ta zaunar da ita kusa ta ce ta kalla ta koya.

Maza suka dawo daga maƙabarta. Hanif ya leƙo daga bakin zaure zai karɓi buta, sai Saliha ta kira shi, ba da "kai" ba, da sunansa, gaban Inna. Ya ƙaraso kamar wanda aka jawo da igiya.

"Da wane suna ka yi masa huɗuba?"

Tun ranar haihuwa ya raɗa wa yaron suna a kunne, ya faɗa wa Baffa, ya faɗa wa liman, ya faɗa wa 'yan tasha. Ita ba wanda ya faɗa mata, tunda ba suna ne da za ta taɓa kira ba. Hanif ya dubi uwarsa, ya dubi matan, sannan ya sunkuya ya raɗa mata.

Saliha ta gyara zama. Ta ce, "Mahdi." Ba da ƙarfi ba, kamar mai ɗanɗana abu. Ta sake cewa, "Mahdi." Ta juya ga Nabila ta ce sunan ɗanta ke nan, kwanansa huɗu, jijiyar zuciyarsa ce ta ɓata hanya, an faɗa tun yana ciki, an ba da takarda, ita ta shanye ta.

Uwar Nabila ta fizge 'yarta ta yi waje. Matan suka rufe baki da mayafi. Inna ta ce a nemo garwashi da hayaƙi, jego ya taɓa mata kai, Mala kuwa ya aika a ba Gidaɗo haƙuri.

Har yau a tsakanin Mallawa da Dungas, in zancen ya taso a gidan biki ko bakin rijiya, ba a cewa gidan da suka bar jariri ya mutu. Cewa ake yi yarinyar nan ta gidan Mala, wadda ta kira sunan ɗan farinta gaban uwar miji.